Takardar Da Na Liƙa A Rumfar Babana

Edita, sallama irin ta addinin Musulunci. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na iya rubuto shi, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da shida. Na dawo gida Funtuwa da takardar difloma ta kwamfuta, aiki bai samu ba, amma girman kai ya samu har da rara. Duk abin da na tarar ana yi a gidanmu sai in ga ƙauyanci ne, in riƙa jin kamar ni aka aiko in gyara.

Babana fatoma ne, wato mai saukar da fataken hatsi. Yana da ɗakuna takwas da babbar rumfa a bakin hanya, inda masu sayen masara da dawa da waken suya ke sauka tun daga Kudu, su yi kwana biyu ko uku suna jiran a haɗa musu kaya daga Bakori da Tsiga da Malumfashi. Kusan shekara arba'in yana wannan sana'a, kuma abin da yake tinƙaho da shi guda ɗaya ne, bai taɓa saukar da mutumin da bai sani ba. Baƙo ya zo, sai ya sha ruwa, ya faɗi sunansa da garinsu da wanda ya turo shi. Wanda ya sauka shekara goma da suka wuce, in ya dawo, Baba zai tambaye shi ciwon ƙafar mahaifinsa.

Da fatake suka fara neman intanet don tura hotunan kaya ga iyayen gidansu, ni na matsa wa Baba ya sayi na'urar wayfai. Layin da aka sa a ciki da sunansa aka yi masa rajista, tunda gidan nasa ne. Sai ya mayar da lambar sirrin kamar makullin ɗaki. Ya rubuta ta a 'yar takarda ya sa a aljihun gaba, ba ya fito da ita sai an gaisa an san juna. Sannan ya ɗora tabarau ya riƙa karantowa a hankali, wannan babban baƙi, wannan ƙarami, baƙo na dannawa yana kuskurewa ana sakewa. Ni kuwa ina gefe kunya kamar ta kashe ni. Ranar da wani Bayerabe ya yi awa biyu yana jiran Baba ya dawo daga jana'iza don kawai ya hau intanet, na ce a raina an gama.

Washegari na haɗa ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, wanda ake haska masa kyamarar waya sai ta hau wayfai da kanta ba tare da an rubuta komai ba. Na buga shi a takarda, na sa masa leda, na liƙa a ginshiƙin rumfa da ke fuskantar titi. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye ni ko zanen yana tambayar mutum sunansa. Na yi dariya na ce masa zamani ne, yanzu ba a ɓata wa baƙo lokaci. Sai kawai ya ce to. Duk wanda ya tashi a gaban dattijo ya san irin wannan to ɗin, ni ma na san ta, na dai yi kamar ban ji ba.

Cikin mako biyu rumfar ta cika. 'Yan acaɓa, masu lodi, masu wucewa, har da waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Mutum zai tsaya daga kan babur ya haska waya, ya samu gefen benci ya zauna, ko sallama babu. Ni ina murna, ina gaya wa abokaina na kawo wa gidanmu ci gaba. Baba kuwa yana kan tabarmarsa yana bin kawunan da suka sunkuya da kallo. In ya gaishe su sai su amsa ba su ɗago ba. Takardar aljihunsa ta daina fitowa, kuma na lura ya rage magana, amma na ce tsufa ne.

Ana gab da girbin masara, wata safiya jami'an tsaro suka zo cikin farin kaya. Ba su yi hayaniya ba, sun gaishe shi da ladabi. Suka ce wani manomi a wajen Dayi ya yi ta samun saƙonnin barazana, ko ya ba da abin da aka yanka masa, ko kada ya ƙara taka gonarsa. Bincikensu ya nuna saƙonnin ta layin da ke ɗauke da sunan Baba suka fita. Duk wanda ke zaune a yankinmu ya san abin da ake nufi in aka ce da mutum infoma, mai yi wa ɓarayin daji aiki daga cikin gari. Suna ne da in ya manne wa gida, ko 'ya'ya ba sa tsira.

Babbansu ya ce abin mai sauƙi ne, tunda an san Alhaji da sanin baƙinsa. Ya faɗi ranar da aka tura saƙonnin, ya tambayi Baba wa da wa suka zauna a rumfarsa. Na ga Baba ya ɗago kai. Ya dubi ginshiƙin, ya dube ni, sannan ya ce, "Ban sani ba." Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan baƙonsa ba. Da suka tambayi wanda ya liƙa takardar, na yunƙura zan yi magana, sai ya riga ni. "Gidana ne," in ji shi. "Duk abin da aka liƙa a cikinsa ni na liƙa."

Kwana tara ya yi a hannunsu. Na je na faɗi gaskiya, suka rubuta, amma layin sunansa ne ba nawa ba. Mai unguwa da limami da tsofaffin fatake suka yi ta zirga-zirga suna ba da shaida, har aka tabbatar ba shi da hannu. Wanda ya tura saƙon kuwa har yau ban san ko wane ne ba, wataƙila ma na taɓa matsa masa a benci ya zauna. Baba ya fito ya rame, kuma maganar ta riga ta zaga kasuwa. Wasu da suka shekara ashirin suna sauka wurinsa suka canza masauki ba sallama. Ban ga laifinsu ba, kowa tsoron kansa yake. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma ya zage ni da na samu sauƙi.

Ban ce zanen nan mugun abu ba ne, har yanzu muna amfani da shi. Amma ina jan kunnen masu otal da gidajen abinci da shaguna, musamman 'yan'uwana masu ɗan karatu da ke gaggawar gyara iyayensu. Wayfai ƙofar gida ce, kuma duk wanda ya shiga ta ya yi ɓarna, sunan mai gidan za a gani. Kada a liƙa ta inda mai wucewa zai samu, a ware ta baƙi daban, a riƙa canza lambar. Kafin kuma ka cire wata al'ada da ka tarar, ka tambayi abin da take tsarewa. Ni sai da aka tafi da mahaifina na gane cewa jinkirin da nake jin kunyarsa shi ne gadin gidanmu.

Yanzu duk Asabar nakan buga sabon zane, ɗan ƙarami, in miƙa wa Baba ya sa a aljihun gaba. Baƙo ya sha ruwa, ya faɗi sunansa da garinsu, sannan ya fito masa da shi. Ɗakuna uku cikin takwas har yau a kulle suke, kuma kullum da safe ni nake buɗe su in share.