Ƙasa da Sifili

A wurin aiki Malamar Haske ake ce mata, alhali ɗakinta ne kaɗai ba shi da taga. A nan ƙuruciyarta ta ƙare, tsakanin kwalabe da wata na'ura mai hura shuɗiyar wuta. Aikin ba ya canzawa. A kawo ruwan da ba a san abin da ke cikinsa ba, na'urar ta zuƙe shi ta fesa a wutar, haske ya ratsa. Kowane ƙarfe da irin hasken da yake sha. Idan akwai dalma a ruwan, sai hasken ya ragu, lamba ta fito a allo.

Ƙa'ida ce kafin a gwada komai a fara ba na'urar tataccen ruwa, a nuna mata cewa wannan shi ne sifili. Ran nan tataccen ruwan ya ƙare, ga Oga a bakin ƙofa yana jiran sakamakon ruwan wata kwata da ake zargin an gurɓata.

"Malama, injin ne ya tsufa ko ke?" in ji shi.

"Tare muka zo, ranka ya daɗe, tare za mu tafi."

Yana juya baya ta buɗe gorar ruwan shan da take zuwa da ita daga gida, ta saita sifili da shi. Ruwan sha ai ba ya rasa tsabta. Da ta sa ruwan kwatar, sai lamba ta faɗi ƙasa da sifili. Ta sake, haka. Da rana aka kawo tataccen ruwa, ta gwada na gorar shi kaɗai. Ya fi na kwatar dalma nesa ba kusa ba.

Ruwan rijiyar gidan yayanta ne. Tun rasuwar mijinta a can take zaune da 'yarta, daf da rumfar da yake fasa tsofaffin batura yana narka dalmarsu. Da wannan sana'a yake riƙe gidan, har da su biyun. Yarinyar kuwa kullum ciwon ciki, karatu ba ya zama a kanta.

Da yamma ta same shi a bakin rijiya yana wanke hannu.

"Yaya, a daina shan ruwan nan."

"Likitar kwalba ta dawo. Ruwan da Baba ya sha har ya tsufa?"

"Baba bai narka batir kusa da shi ba."

Ya daɗe yana goge hannu a rigarsa. "In maganar nan ta fita, rufe rumfar za a yi. Mu ci me? Ke kuma ki kwana ina?"

'Yarta ta zo da kofi za ta ɗiba daga guga, Malamar ta riƙe hannunta ta karɓe kofin. Sannan ta kwance igiyar rijiyar, ta naɗe, ta tura ƙarƙashin gadonta.

Da safe ta tarar da sabuwar igiya ɗaure a jikin gugan, matar yayan tana cika randa. Malamar ta gargaɗi yarinyar kada ta taɓa randar, ta ɗauki jarkoki biyu babu komai ciki, ta nufi ɗakinta marar taga na wurin aiki, inda akwai famfo.