Ƙananan lambobin Yaya Sani

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Sani a nan Makka, kuma har yau ban san yadda zan yi da ɗan littafin da ya bari ba.

Malamin kimiyya ne a Gusau kafin ya zo ya kama aikin buga takardu a wani shago a unguwar Utaibiyya. Wata shekara wani ɗan garinmu mai wankin bayi a Arfa ya haɗa sinadaran wanki na jarka biyu, hayaƙin ya kusa kashe shi. Daga nan Yaya ya tsara shafi goma sha biyu da Hausa: alamar sinadarin da ke jikin kowace jarka, da sunansa na Larabci, da abin da ba a haɗa shi da shi. Sai ya wuni yana saukar da ƙananan lambobi ƙasan haruffa. Ni tela ne, na riƙa yi masa tsiya cewa ya fi ni son ɗinkin ƙwaƙwaf. Ya nuna mini H₂O da H₂O₂, ya ce, “Ƙanena, wannan a sha, wannan ya ƙona fata.”

Bana masu shara suka roƙe ni in sake bugawa kafin aikin Hajji. Da na buɗe fayil ɗin littafin da ya bari a kwamfuta, kaina ya ɗaure. Lambobin sun zama akwatuna, Larabcin ya koma tarkace. 'Yata ta ce manhajar waya za ta gyara. Ta gyara kuwa, tsaf. Muka sake gwadawa, ta ba mu wasu lambobin daban, su ma tsaf. Wanne ne na Yaya? Da yana raye, zai yaba wa na'urar da ba ta taɓa cewa “ban sani ba”, ko zai kashe ta? Wallahi ban sani ba.

A unguwar Ka'akiyya na sami Hajiya Rabi, tsohuwar mai shara, da tsohon bugun a naɗe cikin jakar iƙamarta, wato takardar izinin zama. Shafi huɗu suka rage. Ta ce, “Khalas, shi ke nan, Malam, ka kwafa a nan gabana. Ba ya fita gidan nan.”

Na kwafe su lamba bayan lamba, su kaɗai na buga. Sauran takwas ɗin suna nan cike da akwatuna, kuma wani zai ɗauki jarkar da bayaninta ke cikinsu bana. Abin yana damuna ƙwarai. Amma Yaya bai taɓa buga lambar da bai tabbatar ba, ni ma hannuna ya ƙi. Allah ya jiƙansa.