Gayya a Gonar Lakkol

Ba don an ga alamar ƙoƙari gare ni ba aka kai ni lakkol, wato makarantar boko. Ina so in fara da wannan, don ƴaƴana sukan ba da labarin ta wata hanya mai daɗin ji. A zamanin Nasara, idan kumandan, wato Baturen mulki na Dogon Dutsi, ya aiko a ba da yara, mai gari ne ke zagaya gidaje, kowa kuma yana ɓoye nasa. Da ya zo gidanmu, a wani ƙauye gabas da Matankari, mu biyu ne maza. Wana yana riƙe hauya kamar babba. Ni kuwa tun ina ƙarami ƙafata ta hagu ta shanye, mutane suka ce doguwa ce ta taɓa ni, ina tafiya da doguwar gora ina naɗe ƙafar a jikinta. Babana bai daɗe yana tunani ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, domin ina jin da ni ne a matsayinsa abin da zan yi ke nan.

Garin da lakkol ɗin take ba zan ambaci sunansa ba, akwai jikokin mutanen da zan yi magana a kansu. Yaran ƙauye ana rarraba su gidajen mutanen gari su sauka. Ni aka rasa mai ɗaukata, har sarkin guragu na garin ya ji labari ya aiko a kawo masa ni. Dattijo ne mai faɗin ƙirji da babbar murya, duka ƙafafunsa biyu sun mutu, yana tafiya da hannu bisa ƴan katakai. Sana'arsa dukanci, yana ɗinka takalma da kube a bakin kasuwa. Baba nake ce masa. Ran da na iso ya dube ni, ya dubi gorata, ya ce, "Kai ƙahwa guda ka rasa kake wanga ɓacin rai? To ni mi za ni yi?"

Karatu ya karɓe ni fiye da yadda kowa ya zata. A cikin aji babu wanda ke tambayar ƙafa, alli da allo ne kawai, kuma a nan ba a bar ni baya ba. Na soma jin cewa akwai wuri guda a duniya da zan zauna daidai da kowa.

A shekarata ta biyu, idan ban ruɗe ba, aka kawo sabon darakta, wato shugaban lakkol, mutumin Dahome, dogo, mai tsabta, wanda ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Ba zan ce mugu ne ba. An dai ce masa gonar lakkol ce za ta ciyar da yaran ƙauye, kuma za a zo a duba. Da damina ta faɗi aka yi shuka, sai ya sa aka kafa turaku aka raba gonar, kowane yaro da nasa kashi. Ranar Alhamis ba a karatu, gona ake zuwa. Ya ce wanda bai nome kashinsa ba ba shi da hakki a rumbun lakkol.

Ni ba na iya tsayawa in duƙa. Idan na saki gora na faɗi. Sai in zauna a ƙasa, in sari abin da hannuna ya kai, in ja jiki gaba, in sake sara. Kafin in gama kuyya guda, wato layin shuka ɗaya, sauran sun yi nisa, ciyawa kuma ba ta jira. Ba a daɗe ba kashina ya zama abin nuni, kore shar a tsakiyar gona, hatsin ya soma yin ja a ciki. Wani yaro mai ƙarfi a ajinmu, ɗan mahauta, ya riƙa ce mini, "Mai gona, yaushe za mu kawo awaki kiwo?"

Wata ranar Alhamis darakta ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo. Ya kira ƙaramin mushe, wato malaminmu, Ba'are ne ɗan ƙasarmu wanda ke yi masa tafinta, ya yi magana mai tsawo. Na riga na soma jin Faransanci, don haka na gane kafin a fassara. Ya ce ƙauyenmu sun yi wa hukuma wayo, an nemi yaro sun ba da wanda ba su so. Ya ce idan Alhamis mai zuwa ta wuce kashina yana haka, zai roƙi a aika gardi, wato dogarin hukuma, ya mayar da ni gida a karɓo lafiyayye. Mushe ya sassauta maganar da ya juya ta Hausa, amma ma'anar ba ta sake ba. Lafiyayye a gidanmu mutum guda ne, wana. Ni in rasa aji, babana ya rasa hannun nomansa a tsakiyar damina.

Da maraice na kasa cin tuwo. Baba ya matsa mini har na faɗa masa. Ya ajiye takalmin da yake ɗinki, ya ce, "Gonar taka ce ko ba taka ba?"

Na ce an dai kafa mini turke.

"To wanda ciyawa ta hi ƙarhinai mi yake yi a Arewa? Kuka? Gayya za ka kira."

Na san gayya, kowa ya sani. Mai gona ya gayyaci mutane su taru su nome masa a yini guda, ya ba su fura, ya kawo makaɗi. Amma ban taɓa jin yaro ya kira gayya ba, balle gurgu, balle a gonar Nasara. Na ce masa ina tsoron kada abin ya ƙara ɓata wa darakta rai. Ya ce ai an riga an kore ni, saura me ya rage a ɓata. Ya ƙara da cewa ba zai aika kowa a madadina ba, mai gayya da bakinsa yake gayya.

Haka na bi gari da gorata, gida gida, duk inda ya lissafa mini. Na je wurin guragu masu saƙar tabarma, na je zauren makafi masu tufkar igiyar kaba, na je wurin wani bebe mai jan ruwa a rijiyar kasuwa, na kwatanta masa noma da hannu har ya gane ya buga ƙirji. A zauren makafi akwai wani tsoho mai gangar noma, mai barkwanci ƙwarai. Da na gama bayani ya ce, "Ɗan lakkol, hurar da nono ko da ruwa? In da ruwa ce, gangata ta tsage." Matar Baba ce ta ɗauki nauyin furar. Ta daka hatsin gidanta, ta samo nono wurin wata Bafillata da suke ƙawance.

Ranar Alhamis da hantsi muna gona, darakta yana tsaye bakin hanya da hularsa, sai ga su tafe. Har yanzu idan na rufe ido ina ganin jerin. Baba a gaba bisa jaki, guragu a bayansa, wasu da sanduna wasu da hannu, makafi sun dafa kafaɗar juna, beben yana ɗauke da babbar ƙwaryar fura a kai, mata na biye. Yara suka bar noma suka tsaya kallo.

Darakta ya dube su, fuskarsa ta yi laushi. Ya kira yara biyu ya aike su da gudu, suka dawo da ƙwarya cike da hatsi daga rumbun lakkol. Ya karɓa da hannunsa ya miƙa wa Baba, ya ce wa mushe ya faɗa musu su raba, Allah ya ba da haƙuri, amma nan wurin aiki ne, su koma. Shi a ganinsa taron guragu da makafi ba ya da wata ma'ana sai bara. Ban ga laifinsa sosai ba, don wataƙila haka ya saba gani a inda ya fito.

Baba ya dubi ƙwaryar, ya dubi mushe, ya ce, "Malam, ce mishi mun gode, amma yau ba Juma'a ba ce." Makafi suka fashe da dariya. Ya zaro hauya daga gefen jaki ya ɗaga. Duk wanda ke da ita ya ɗaga tasa. "Ce mishi gayya munka zo. Ɗanmu ya kira mu. Abincinmu ma ga shi nan mun zo da shi, in yana sha a ɗiba mishi."

Mushe ya fassara, yana ta share gumi. Darakta ya ce ba a yi haka ba, doka ita ce kowane yaro da hannunsa. Baba ya ce, "Tambaye shi, gonar kumandan da hannun kumandan aka nome ta?"

Mushe ya ce, "Haba Baba, wannan kam ba zan faɗa ba. Ina da iyali."

"To bar ta. Ce mishi wanga ba sadaka ba ce. Mai gayya shi ka ɗaukar kuyyar hwarko, a gaban kowa. Kuma duk wanda ya zo mishi yau, ran da ya kira tashi gayya dole yaron shi tahi. Wanda anka yi ma gayya ba a ce ba shi yi noma ba. Ko sarki bai hwaɗin haka."

Ban san yadda mushe ya juya wannan da Faransanci ba, hankalina ba ya wurin. Na dai ga darakta ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ya harɗe hannu, bai ce e ba bai ce a'a ba. Baba ya ɗauki wannan a matsayin izini. Ya sauko daga jaki ya daka mini tsawa, "Mai gona, mi kake jira? Kama kuyyarka!"

Na zauna a bakin kuyyar farko na ɗaga hauya, tsohon makaho ya saki ganga. Yana kaɗawa yana kirana ɗan lakkol mai hannun alli, yana cewa a zo a ga ko hannun ya san ƙasa. Guragu suka jeru dama da ni, kowa a zaune, irin zaman da nake jin kunyarsa a gaban yara, suna sara suna ja gaba, ba wanda ya damu. Makafi suka bi bayanmu suna lalube gindin hatsi da yatsu suna cire ciyawar da hauya ba ta kai ba. Beben ya yi gaba kamar sa. Ban taɓa yin noma irin na ran nan ba. Tafin hannuna ya fashe ban sani ba sai daga baya.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yaran. Duk ƴan ƙauye ne, an haife su cikin kiɗan nan, jikinsu ya ƙi tsayawa. Ɗan mahautan nan shi ya fara tsallako turkensa ya faɗo kuyyar kusa da ni, yana cewa, "Matsa, mai gona, kar tsofaffi su ba mu kunya." Sauran suka biyo. Da aka gama kashina ba wanda ya tsaya, aka zarce na gaba, turaku suka zube ana takawa. Kafin rana ta take tsaka an nome abin da a da sai an yi Alhamis biyu ko fiye.

Aka zauna gindin gawo ana shan fura. Darakta ya ƙi sha, amma bai tafi ba. Ya yafuto ni, na dogara gora na je gabansa, jikina duk ƙasa. Ya tambaye ni da Faransanci, ba tare da tafinta ba, idan waɗannan mutane suka kira nasu aikin wa zai je. Na amsa masa da Faransanci cewa ni zan je, domin ni na kira su. Ina jin wannan ce doguwar magana ta farko da na taɓa yi masa. Ya gyara mini kalma guda a ciki, ya sa na maimaita. Sa'an nan ya juya ya ce wa mushe a bar zancen gardi, yaron ya zauna. Ko gayyar ce ta sauya masa ra'ayi, ko ganin gonar a nome, ko amsar da na ba shi, ban sani ba, bai taɓa faɗa ba. Na dai zauna, na gama lakkol ɗin, na wuce gaba har inda Allah ya nufa, wana kuma ya ci gaba da noma tare da babanmu.

Wanda ya fara kiran tasa gayya tsohon makahon ne. Ranar Lahadi ce, gonarsa tana can bayan gari wajen fadama, na fita da sassafe don tafiyata ba ta sauri. Ban gayyaci kowa ba, amma a hanya na ji hayaniya a bayana, ashe ƴan ajinmu ne da hauyoyinsu, ɗan mahauta a gaba. Da muka yi nisa da noma tsohon ya ba wani gangar ya riƙe, ya ce a kai shi kuyyata. Ya durƙusa yana bin ta da hannu a hankali, gindi bayan gindi. Can ya tsaya, ya tumɓuko wata ƴar ciyawa ya ɗaga sama.

"Ɗan lakkol! Wagga ta wa ka bar ma? Ni makaho na gan ta. Dawo nan."

Aka yi ta dariya. Na ja jiki na koma baya, na sake bin kuyyar daga inda ya tsaya.