Ranar da Muka Ga Ayu a Bahar Maliya

A shekarata ta uku ina karatu a Alƙahira muka koma wani gida a unguwar Faisal, hawa na biyar, mu huɗu a ɗaki biyu da falo. Wata Juma'a muka dawo daga masallaci muka tarar gidan ya cika da warin gas. Muka bubbuɗe tagogi, aka tura ni in kira mai gadi. Mai gadin ya ce wannan ba aikinsa ba ne, amma ya san wani Basudane a unguwar Ard al-Liwa mai gyaran murhu da tukunyar gas, zai kira mana shi.

Bayan la'asar sai ga dattijo dogo siriri, sanye da farar jallabiya, jakar kayan aiki a kafaɗarsa. Sai da ya tsaya sau biyu a kan bene yana mayar da numfashi kafin ya iso ƙofarmu. Da ya durƙusa gaban murhun, ɗaya daga cikinmu ya ce da Hausa, a tunaninsa ba za a ji ba: "Anya tsohon nan zai iya kuwa?"

Ko juyowa dattijon bai yi ba. Ya ce, "Tsohon zai iya, in kun matsa kun ba shi haske."

Kunya ta kama mu, sai dai dariyarsa ta riga tamu fitowa. Ashe Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabcin Sudan. Ya kaɗa sabulu a ruwa ya shafa wa tiyon, ya nuna mana wurin da kumfa ke tasowa, ya yanke ya sake ɗaurewa. Na ce, "Baba, ka daɗe kana wannan sana'a?"

Ya ce, "Wannan ta tsufa ce, ɗana. Tukunyar da na sani a baya nake goya ta, in shiga ƙarƙashin teku."

Daga ranar na fara zuwa wurinsa. In na taso daga darasi sai in hau mikrobas, ƙaramar bas ta haya, in sauka bakin titin jirgin ƙasa, in tsallaka in shiga lungunan Ard al-Liwa har ɗan shagonsa. Yakan dafa shayi mai yawan sukari, ya zaunar da ni a damansa, domin kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa. A nan na ji labarinsa guntu-guntu. Fiye da rabin rayuwarsa ya yi a Bur Sudan, a bakin Bahar Maliya, yana nutso. Da fari yana kankare ƙasan jiragen ruwa, daga baya ya koma raka baƙi masu zuwa kallon kifaye. Da ƙirjinsa ya fara ciwo likita ya hana shi sauka ƙasan ruwa, ya koma Omdurman wurin 'yarsa. Yaƙi ne ya koro su zuwa Masar, shi da ita da 'ya'yanta biyu.

Ni kuwa ɗan Funtuwa ne, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Da na faɗa masa haka ya dube ni da tausayi sosai, kamar na ce ban iya karatu ba.

Ana saura wata guda mu gama jarrabawa ya ce mini yana da tsohon yaron aiki, Bamisire, wanda ya koya wa nutso a Sudan shekarun baya. Yanzu mutumin ya zama babba, yana da wurin koyar da nutso kusa da garin Marsa Alam a gaɓar Bahar Maliya, yana kuma zuwa Alƙahira lokaci-lokaci ya koyar a wani kulob na iyo a unguwar Dokki. Ya daɗe yana roƙon Baba ya kai masa ziyara. Baba ya ce, "Tare za mu je. Amma sai ka fara koyon iyo, kada ka kunyata ni."

Haka na fara zuwa Dokki sau biyu a mako. A can kowa Kabtin yake ce wa mutumin, ni ma na bi sahu. Kakkaura ne mai sanƙo, ba ya da yawan magana, amma in ya ga Baba sai ya miƙe ya sumbaci kansa. A tafkin kulob ɗin na sha ruwa har na ƙoshi. Baba yana zaune a kujerar roba a gefe yana ɗaga murya: "Saki jikinka! Ruwan ba kokawa ya zo yi da kai ba!" A mako na uku na iya tsallake tafkin. A na huɗu Kabtin ya goya mini tukunyar iska, ya sa mini abin shaƙa a baki, na zauna a ƙasan tafkin ina numfashi ina kallon ƙafafun mutane a sama.

Ana gobe za mu tafi 'yar Baba ta tare ni a ƙofar shago. Ta girme ni da kusan shekara goma, lalle take yi wa amare. Ta ce, "Ƙanena, amana zan ba ka. Ya je ya ga teku, ya sha iska, tamam, ba laifi. Amma kada ka bari ya goya tukunya. In ya ce maka likita ya yarda, ba gaskiya ba ne."

Na ce, "Yaya, in ya ƙi jin maganata fa?"

Ta ce, "Ka kira ni, ka ba shi wayar."

Da asuba muka hau bas. Tafiya ce ta wuni guda, hamada a dama, daga baya teku ya bayyana a hagu. Tun da ruwan ya fito goshin Baba na jingine da gilashin taga. Ko ƙosan wake da na miƙa masa bai karɓa ba.

Washegari da hantsi Kabtin ya kai mu wani wuri da teku ya shigo cikin ƙasa ya kwanta lamo. Aka sa mini rigar roba, da ɗamarar dalma, da takalman nan masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Baba da kansa ya duba tukunyata, ya buɗe ta ya kara kunnensa mai ji, sannan ya buga kafaɗata ya ce, "Yalla, bismillah."

Ba zan ce na yi jarumta ba. Muna sauka kamar tsayin mutum biyu ruwa ya shiga gilashin fuskata, na manta duk abin da aka koya mini, na fara harbe-harbe zan yi sama. Kabtin ya riƙe ɗamarata, ya kawo fuskarsa daf da tawa, ya dafa ƙirjinsa yana nuna mini yadda zan ja numfashi a hankali. Na bi shi, ɗaya, biyu, uku. Na ɗaga kai na fesar da ruwan ta hanci kamar yadda muka yi a Dokki. Sai idona ya washe.

A ƙasanmu fili ne na ciyawa gajera, shimfiɗe kamar sabuwar shuka bayan ruwan farko. Can gefe duwatsun murjani, kifaye ƙanana ja da ruwan ɗorawa suna shiga suna fita. Wata kififfiya da ta kai faifan tuwon biki girma, ko ma ta fi, tana kiwo abinta, wasu dogayen kifaye biyu manne a bayanta. Ta ɗago ta dube ni da ido ɗaya, ciyawa a bakinta, ta ci gaba da abin da take yi. Ban san lokacin da na yi tasbihi da abin shaƙa a bakina ba, kumfa ta yi sama.

Da muka fito Baba yana tsaye cikin ruwa zuwa ƙwauri, ya naɗe jallabiyarsa. Ya hau yi mini tambayoyi. Wane launi ne bayan kififfiyar? Wutsiyarta doguwa ce ko gajera? Na ce gajera. Ya ce to mace ce. Na ce na ga wani kifi shuɗi mai baki kamar na aku, ya faɗi sunansa da Larabcin Sudan, ya ce in na kasa kunne zan ji ƙarar haƙoransa yana gurgurar dutse. Kabtin ya ce akwai ayu guda da ke zuwa kiwo wurin, amma kwana biyar ke nan ba a gan shi ba. Baba ya ce duk shekarun da ya yi a ruwa sau biyu kawai ya taɓa ganin ayu, kuma daga nesa.

Kwana na biyu abin da 'yarsa ta ji tsoro ya faru. Ina ɗaura ɗamara na ji Baba yana ce wa Kabtin da Larabci ya kawo masa tukunya, ƙarama ma ta isa, ba zai wuce tsayin mutum uku ba. Kabtin ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ma'alish, ya Rayyis, ka yi haƙuri, maigida. Kai ka koya mini cewa mai ciwon ƙirji ba ya sauka. Ka taɓa korar wani Bature daga jirgi a kan haka, ina tsaye."

Baba ya juyo wurina. "Kai fa, ɗana? Ba za ka sa baki ba?"

Wayata tana cikin jaka, na san abin da aka ce in yi. Amma na kasa kunyata shi a gaban mutane. Na ce, "Baba, Yaya ta ba ni amana. In wani abu ya same ka, da wane ido zan dube ta?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan," ya koma ƙarƙashin rumfa ya zauna, ya juya mana baya. Na ji kamar in cire kayan in fasa shiga. Kabtin ya je ya tsuguna a gabansa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da suka taso Baba yana riƙe da gilashin fuska da ɗan bututun da ake shaƙar iska da shi daga saman ruwa, an kuma sa masa rigar da ke hana nutsewa. Yana gunaguni wai an mai da shi ɗan yawon buɗe ido. Wani ma'aikacin Kabtin ya shiga tare da shi, mu kuma muka sauka.

Mun yi kamar minti ashirin muna bin gefen ciyawar sai Kabtin ya matse hannuna. A gabanmu yashi ya tashi kamar an ja buhu a ƙasa. Da ya lafa sai ga shi. Ya fi ni tsawo nesa, fari-fari da toka-toka, jikinsa sumul sai tabon ƙarce nan da can a gadon baya. Ya kifa faffaɗan bakinsa a ƙasa yana tumɓuke ciyawa, yana tafiya a kan hannuwansa gajeru, wasu kifaye masu zane suna biye da shi suna tsintar abin da ya tono. A gida na sha jin labarin ayu a bakin masu sayar da magani a kasuwa, ban taɓa zaton dabba ce mai sanyin hali haka ba. Muka durƙusa a kan yashi nesa da shi, kamar yadda aka gargaɗe mu.

Can ya daina ci, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya ya nufi sama don ya sha iska. Na bi shi da kallo. A saman ruwan, cikin hasken rana, ga Baba kwance ya baje hannuwa, ko motsi ba ya yi. Ayun ya fito kusa da shi, tazarar ba ta fi taku huɗu ba. Ya shaƙi iska, ya ɗan nutse, ya yi gefe yana kallon tsohon, ya sake fitowa ya shaƙa. Sannan ya sunkuyar da kai ya dawo ƙasa a hankali, ya ci gaba da kiwonsa.

Da muka fito na sami Baba zaune a bakin ruwa, gilashin a goshinsa, idanunsa jajur. Ya ce gishiri ne. Na zauna a damansa. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Na ji numfashinsa, ɗana. Da kunnen nan guda. Kamar na mutum mai barci." Ya share fuska da tafin hannu, ya ƙara da cewa, "Ku da kuke ƙasa ba ku ji wannan ba." Na ce gaskiya ne, ba mu ji ba. Ranar ya ci kifi da shinkafa har ya nemi ƙari, ya kuma yarda ya yi wa Kabtin magana, bayan ya ja masa aji har la'asar.

Da muka koma Alƙahira shi ya fara gaya wa 'yarsa cewa ya nemi tukunya an hana shi. Ta dube ni ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta shiga ciki ta daɗe ba ta fito ba.

Sanyin shekarar ya takura wa ƙirjinsa, ya daina hawa benaye, sai dai a kawo masa gyara shago. Da abubuwa suka ɗan lafa a Sudan, 'yarsa ta yanke shawarar su koma, ba Omdurman ba, Bur Sudan, inda suke da dangi. Na raka su tashar jirgin ƙasa na ɗaukar musu kaya. Kafin ya hau ya riƙe hannuna ya ce in koma wurin Kabtin in ƙarasa karatun nutso in karɓi takarda, kada in tsaya a rabi. Na koma a hutun da ya biyo baya, na yi kwana shida, na karɓa.

Yanzu ina koyarwa a Katsina. Duk Sallah yakan sa jikarsa ta kira ni, ya yi ta magana da ƙarfi ba ya jiran amsa. A kiran ƙarshe ya ce gidansu yana kusa da tashar jiragen ruwa, kullum bayan la'asar yana fita ya zauna wurin masu nutso, suna kawo masa kayansu ya duba musu kafin su shiga.