Mutum-mutumin da ya mayar mini da magana

Ina cikin ɗaukar hoton tukwane a ɗakin nan na laka, sai na hango wani mutum-mutumi a lungu, zaune kan kujera, ido a rufe.

Ni da ƙawata Ladi ne muka leƙa wani ɗan gidan tarihi na Gbagyi a hanyar Sheda. Ɗakin da duhu-duhu, ga shi na manta tabarau a gida.

Na matsa na ce, "Ladi, zo ki ga aiki! Har furfura suka sa masa. Amma wanda ya ƙera hancin nan ya cika laka."

Sai mutum-mutumi ya buɗe ido ya ce, "'Yata, wanda ya ƙera shi bai taɓa kuskure ba."

Wallahi sai ga ni a waje da takalmi ƙafa ɗaya. Ladi kuwa dariya har da dafa bango.

Na dawo na durƙusa ina ta "Baba, a yi haƙuri." Ya yi murmushi ya ce ɗakin mahaifiyarsa ne, nan aka haife shi. Da aka tashi unguwarsu za a yi titi, wannan ɗakin kaɗai aka bari. A tukwanen nan ake dafa musu tuwo. Duk Asabar yakan zo, don nan ne kawai jikoki ke barinsa ya yi gyangyaɗi.

Har gobe in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ku fa, wace katoɓara kuka taɓa yi a gaban babba?