Ranar da Na Tuƙa Bas Mai Ƙaho a Karantina

Akwai wata ranar Sallah da ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ita kam ba za ta fita daga kaina ba. Ranar ce na tuƙa bas mai ƙaho a unguwarmu ta Karantina, a nan Jidda, garin da ba a taɓa ganin irin wannan mota a titinsa ba. Har yau in na ba da labarin sai an dube ni an yi dariya, ni ma in taya su, don da wani ne ya ba ni, da sai na ce ya kawo shaida.

Asalin abin daga kawuna ne, yayan mahaifiyata. Mu Hausawan Sudan ne, iyayenmu suka zo Jidda suka zauna, ni a nan aka haife ni. Kawu yana saurayi ya samu gurbin karatu a Mosko, ya karanta aikin lantarki, a cikin karatun kuma aka tura shi koyon aiki a garejin wasu motocin haya da yake kira turoli. Da ya dawo duniya ta yi ta juyi da shi, har ya ƙare da ɗan shagon gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da firiji a unguwar Sharafiyya. Amma ka zauna shan shayi da shi, kafin kofi ya huce an koma Mosko.

Bas ce babba, in ji shi, mai tayoyin roba kamar kowace bas, sai dai ba ta shan fetur, ba ta shan dizal. Wayoyi biyu ake ratayawa a sama su bi titi, ita kuma a kan rufinta akwai dogayen sanduna biyu kamar ƙahonin barewa, kowace sanda ta dafe waya guda. Ta ɗaya wuta ke shigowa, ta ɗaya take komawa. Ya ce tun kafin yaƙin duniya na biyu aka fara ta da layi ɗaya, ta yi ta yaɗuwa har aka wayi gari babu birnin da ya kai nasu yawan waya a sama. An taɓa yin masu bene, an yi masu kai kaya kantuna. Da sanyin safiya in ƙanƙara ta kama wayar, bas na tafe tartsatsi shuɗi na zuba a bayanta. Abin da ya fi birge ni tun ina yarinya shi ne da ya ce da yawa daga direbobin mata ne, kuma in ƙaho ya zame daga waya, matar nan za ta sauko da safar hannu, ta kama igiyar da ke bayan mota, ta mayar da shi da kanta.

To, sai ciwo ya kama Kawu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya taimaka abin bai yi tsanani ba, likita ya ce in ya daure da zuwa gashi da motsa jiki zai samu sauƙi. Kawu ya ƙi. Ya rufe shago, ya dawo gidanmu, ya shige ɗaki. Mutumin da ba ya gajiya da zance ya koma sai ka yi masa magana ya amsa da kai. Ummi, mahaifiyata, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, ko gezau.

Wata rana na kai masa abinci na tarar da shi ya ƙura wa waya ido. Wani tsohon abokin karatunsa ne ya turo masa bidiyo: ma'aikata a kan tsani suna yanke wayoyin nan suna naɗewa. Birnin ya daina amfani da turoli.

"Kin gani, ya binti?" ya ce, wato 'yata. "Sun sauke su. Halas, shi ke nan. Ni da su duk an gama da mu."

Sai bakina ya riga ni. Na ce, "Kawu, wallahi ni har yau ban gane yadda ƙahon ba ya faɗuwa ba. Me ke riƙe shi a sama?"

Ya harare ni kamar na zage shi. "Shekara nawa ina gaya miki? Sifirin ne a gindinsa yake tura shi sama. Miƙo min wancan cokalin."

Da cokula biyu da igiyar caja ya yi min bayani, ya yi ta zuba har abincin ya huce. Rabon da in ji muryarsa haka tun kafin ciwon. Da na fita na samu maigidana, wanda aikinsa walda ne, na ce masa, "Za ka iya ƙera min bas?" Ya taɓa goshina ya ce ko zazzaɓi nake yi.

Amma dai ya yarda. A ƙarshen lungunmu akwai hoshi, wato fili mai katanga, inda yake ajiye ƙarafansa, da bishiyar darbejiya a tsakiya. Muka je wurin 'yan gwangwan muka samo gawar irin 'yar motar nan mai batir da ake ɗaukar tsofaffi da ita a manyan kasuwanni. Maigidana ya yanka ta ya ƙara mata tsawo, ya sa benci biyu da rufin kwano. Batiran kuwa Kawu ya ce kada a kuskura a bar su a cikin mota. "In wutar tana cikinta ai ba turoli ba ce, keken guragu ne. A jingine su a bango, wuta ta biyo waya." Daga kan gado yake ba da umarni, ni ce 'yar aike. In ɗauko hoto a waya in kawo, ya duba ya yi tsaki ya ce a sake.

Ummi ce ta tayar da hankali. "Za ku kashe 'ya'yan mutane da lantarki a kai mu gidan yari!" Kawu ya yi mata bayani cewa ta Mosko ce mai kisa, wannan wutar batir ce marar ƙarfi, kuma wayar tana sama inda hannun yaro ba zai kai ba. Ta ce ita dai ba ruwanta. Kashegari na gan ta tana ɗinka wa bencinan katifa.

Cikin azumi muka yi aikin, bayan la'asar kafin shan ruwa. Aka kafa turakun ƙarfe kewaye da hoshin, aka ja waya biyu suka zagaye darbejiya suka dawo. Ranar gwajin farko, da maigidana ya ɗora sandunan a kan waya, ɗan ƙwan fitilar da muka sa a gaban motar ya kama, na yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Ta tafi sumul a miƙaƙƙiyar hanya. Tana isa kwanar darbejiya, sai ƙwal! ƙahonin suka yi tsalle, mota ta mutu. Aka mayar, aka sake, haka. Na kai wa Kawu bidiyo, ya kalla ya sake kalla, sai ya jefar da wayar a kan katifa.

"Ba a gyara kwana a hoto. Ina sandata?"

Haka ya fita ƙofar gida karon farko, yana jan ƙafa, maigidana na riƙe da shi. Ya zauna a kujerar roba ƙarƙashin bishiya ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce an karya kwanar da yawa, a ƙara turaku a lanƙwasa ta a hankali. Sannan ya juyo gare ni, da yake a shekarar na karɓi ruksa, wato lasisin tuƙi, ina ta yi wa kowa alfahari da ita.

"Ke za ki tuƙa. Amma ki ji: turoli ba ta son gaggawa a kwana. Ki ɗage ƙafa, ki bi ƙarƙashin waya, idonki ɗaya a hanya ɗaya a sama."

Muka fenta ta shuɗi, don ya ce haka nasu suke. Kafin Sallah labari ya gama unguwa.

Ranar Sallah da la'asar hoshin nan ya cika maƙil. Yara da sababbin kaya, 'yan mata da lalle, iyaye mata sun jeru a gindin katanga, tsofaffi sun taso daga masallaci da carbinsu. Har daga unguwar Nuzla wasu suka zo. Hausa da Larabci sai kaɗawa suke a iska, yaran da aka haifa a nan suna ta "Yalla! Yalla!" Kawu na zaune a kujerarsa cikin farar jallabiya da rawanin Sudan, ya ɗora tsohuwar safar hannun walda a cinya. Ni kuwa na tattare abaya na zauna a gaban sitiyari.

Na taka. Ta yi wani siririn kuka, ta motsa. Babu hayaƙi, babu rugugin inji, sai shuuu na sandunan a kan waya. Yaran da ke baya suka kwashe da ihu, mata suka rangaɗa guɗa. Na sha kwana lafiya, na zagayo, na sauke wasu na kwashi wasu. Wani dattijo da ya yi shekaru yana tuƙa ƙananan bas-bas na cikin gari ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta yana neman tankin mai. Daɗi ya cika ni har ban san ina dariya ni kaɗai ba.

Daɗin ne ya ja min. A wani zagaye yara suka yi ta "Asra! Ƙara gudu, Anti!" ni kuma kaina ya kumbura, na shiga kwanar darbejiya da ƙafata a ƙasa. Sai ji na yi ƙwal! Tartsatsi ya tashi, sandunan biyu suka yi sama suna lilo a cikin ganye, ƙwan gaba ya mutu, mota ta tsaya cik. Wata ƙaramar yarinya ta fashe da kuka. Sai wani daga baya ya ce, "Halas, ta ƙone."

Maigidana yana can bakin bango wurin batira, ya taso da gudu yana ratsa mutane. Kafin ya iso, na ga Kawu ya miƙe. Ya zura hannun dama a safa, ya kama ɗayar da haƙori ya cusa na hagu. Ya tako a hankali har bayan motar, ya miƙa wa Ummi sandarsa. Maigidana ya kai hannu zai kama igiyar, Ummi ta tare shi da sandar nan.

"Bar shi," ta ce. Ba ta janye sandar ba.

Kawu ya kama igiyar farko da dama, ya jawo ƙahon ƙasa, ya karkata shi, ya sake shi a hankali har ya zauna a kan waya. Na biyun ne ya maƙale a reshe, kuma sifirin ɗin da ƙarfi, hannu ɗaya ba zai iya ba. Na ga ya dubi hannunsa na hagu kamar yana yi masa magana. Ya ɗaga shi da ƙyar ya naɗa igiyar a wuyan hannun. Ya ja, ƙahon ya fito daga ganye, ya kai shi kusa da waya, ya kuskure. Gumi ya jiƙa masa rawani. Ya sake ja, ya sake kuskurewa, ƙafarsa ta yi rawa har na yunƙura zan sauko. Ya daka min tsawa ba tare da ya dube ni ba: "Direba ba ya barin sitiyari!"

Na koma na zauna. Babu mai motsi a hoshin nan. Sai na ji ɗan ƙas, ƙwan da ke gabana ya kawo haske.

Kawu ya buga bayan motar da tafin hannu, ya ƙwala wata kalma da harshen mutanen can, wadda daga baya ya ce ma'anarta mu tafi. Wayyo, ihun da aka yi! Kabbara, guɗa, tafi, yara na tsalle a kan benci har motar na girgiza. Ummi ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya. Dattijon nan direba ya rungume Kawu yana "Mabruk, ya shaikh, mabruk!" Aka ɗaga Kawu aka zaunar kusa da ni. Na ja mu a hankali, hawaye na hana ni ganin hanya. Da muka doshi kwana ya ɗora hannun hagun nan a kan nawa ya ce, "Ɗage ƙafa." Na ɗage. Muka wuce sumul. Ba mu tsaya ba sai da aka kira magariba.

Bayan Sallah da kansa ya ce in kai shi asibiti wurin gashi. Hannun bai dawo daidai ba har yau, amma ya sake buɗe shagonsa, yana zama da safe yana nuna wa masu aiki abin da za su yi. Ba a daɗe ba aka rushe Karantina, hoshin da darbejiyar duk suka tafi, muka watsu a unguwanni. Motar kuwa maigidana ya kwance ta da za mu tashi. Amma duk inda na haɗu da yaran nan, sun girma yanzu, daga nesa za ka ji sun ce, "Ga direbarmu!"

Abin da na koya a wannan rana shi ne, marar lafiya ba magani da abinci kaɗai yake bukata ba. Mun yi ta yi wa Kawu hidima, muna ɗauke masa komai, ashe abin da ke kashe shi shi ne babu mai neman komai a wurinsa. Shi ya sa yanzu in zan je duba wani dattijo da ke kwance, nakan riƙe lemo da tuffa kamar kowa, amma tun daga hanya nake shirya tambayar da zan yi masa, wadda na san shi kaɗai ne zai iya amsa min.