Ranar da Baba Ya Tari Yayansa da Shayin Ƙarfe Huɗu

Ƙarar kofin tangaran a kan faranti ce ta katse mini gyangyaɗi. Ina falon 'yata a unguwar University Heights, ina hutar da bayana daga tuƙin tasi zuwa filin jirgin sama na JFK, ita kuma tana kallon wani wasan Turawan Ingila a talabijin. Mata ne da manyan huluna sun kewaye tebur, suna kurɓar shayi kamar masu shan magani. Ta ce ka ga wayewa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ni da karatuna ya tsaya a aji biyu, shi ma sai da na maimaita, ba abin da na fi ta sani a duniya sai wannan shayin.

Babana kuku ne a gidan wani Baturen kuza a Bukuru, tun kafin a haife ni. Muna zaune a ɗakunan bayan gida. Ƙarfe huɗu na bugawa, ko sama za ta faɗo, sai an kai tire baranda. Baba ya ce asalin abin wata matar basarake ce a ƙasarsu, yunwa ke damunta tsakanin abincin rana da na dare. Maimakon ta ce a ɗora tukunya kamar kowace mai hankali, sai ta sa a kawo mata ruwan ganye da burodi, ta kira ƙawaye su taya ta. Shi ke nan ya zama al'ada. Ganyen ba a ƙasarsu ake nomansa ba, sukarin ma haka. Nasu a ciki ruwan zafi ne da girman kai.

Ga dokoki kamar a gaban alƙali. Ba a hurawa, ba a zuƙa da ƙara, cokali ba ya taɓa jikin kofi. A yanka burodi siriri har kana hango mutum ta ciki, a shafa bota, a jera kokwamba ɗanya, sannan a yanke ɓawon a zubar. Ɓawon nan Baba ke ƙunso mana a takarda. Da shi na girma, kada ka yi mamakin yadda kaina ya fito. Sai da na yi gemu na gane ba don ciki ake yin abin ba. Don a nuna ne cewa a lokacin da leburori ke cikin rami da kwano a ka, kai ba ka da abin yi.

Wata bazara Baturen ya ce zai koma ƙasarsu. Aikin Baba ya ƙare, ɗakunan ma za a karɓe. Gonar kakanmu kuwa tana hannun Baffa, yayan Baba, wanda ya daɗe yana cewa wanda ya yar da fartanya ya tafi wankin farantin Bature ba shi da rabo. Hadari ya fara haɗuwa da yamma. In ruwa ya sauka ba mu da inda za mu shuka, to mu bakwai ba mu da na ci. Baba ya aika ya roƙi Baffa ya zo.

Inna ta yanka kaza, ta tankaɗe garin tuwo. Baba ya ce ta dakata. Ya ce yau Yaya zai ga cewa ba zaman banza ya yi a bariki ba, zai karrama shi yadda ake karrama Razdan, babban Baturen lardi. Ya fito da tsohuwar butar tangaran da uwargidan Baturen ta ba shi, ya sa fararen kayan aikinsa masu ƙamshin sitaci.

Baffa ya iso da azahar, ƙafafu fururu, ya kwana a hanya. A wajenmu baƙo irin wannan ana dire masa kwano ne a ba shi wuri. Baba ya ba shi ruwa, ya zaunar da shi a kujera, ya riƙa leƙen agogo. Huɗu ba ta yi ba. Awa biyu tsohon nan yana zaune, ina jin kukan cikinsa daga bakin ƙofa.

Da tire ya iso, yatsan Baffa ya ƙi shiga hannun kofin. Ya dumtse shi kamar ƙoƙo, ya shanye a kurɓi ɗaya. Ya buɗe burodin ya leƙa.

"Wannan fa?"

"Kokwamba ce, Yaya. Haka manya ke ci."

"Ɗanya?"

"Ɗanya."

"Itacen ma ya gagara ke nan." Ya jujjuya burodin. "Ga ɓera ya cinye gefen, an daddatse."

Ya daɗe yana kallona, ni kuwa Allah ya yi ni kamar sillen kara ko da ina ƙoshe. Sai ya kira Inna. "Ke, tun yaushe kuke cikin wannan halin ba ku faɗa ba?"

Baba ya buɗe baki zai yi bayani. Inna ta riga shi. Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Muna dai haƙuri, Baffan yara." Ashe tun da ta ga inda maganar ta dosa ta kife kwando a kan tukunyar kaza.

Baffa ya kwance jakarsa, ya fito da ƙuliƙulin guzurinsa ya rarraba mana. Ya ce, "Tattara iyalinka kafin ruwa. Gonar bakin rafi taka ce. Ba zan bar jinin ubana yana cin ciyawa a bariki ba."

Baba na tsaye da buta a hannu, cikin fararen kayansa. Abin da yake nema ya samu, amma ta ƙofar da ya fi ƙi. Kazar sai washegari muka ci, bayan Baffa ya kama hanya. Har Baba ya rasu, a ƙauye ana nuna shi a ce ga wanda yayansa ya ceto daga yunwa. Bai taɓa musawa ba. Ina zai musa, gonar a kan maganar take tsaye?

Yanzu ƙanena ke nomanta. Ni kuma ina nan ina ɗaukar fasinja, na lura iya kuɗin mutum iya ƙanƙantar abin da yake ci. Mu ma mun koya. Ɗan uwanka yana bene na gaba, haya ta shaƙe shi, ka gamu da shi a titin Fordham Road ya ce maka lafiya lau, kai ma ka ce madalla ka wuce. Masu leƙa kwanonka su ga damuwarka irin Baffa sun ƙare. A garin nan da zan ajiye wa baƙo kokwamba ɗanya, yabona zai yi, ya ce tsoho yana kula da lafiyarsa. Ba wanda zai ce in tattara in dawo gida.